Amsa Ga Mai Tambaya Kan Kiwon Kare

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Na ji tambayar da ka yi mini a shirin rediyo, inda ka ce wane amfani ke cikin kare har dattijo irina zai ajiye shi, alhali mutanenmu suna ƙyamarsa. Lokaci bai ba ni damar amsa maka yadda ya kamata ba, shi ya sa na rubuto.

Karena ba ya shiga ɗaki. Yana da 'yar rumfarsa kusa da turken awaki, kuma gadinsu ne aikinsa. Hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, sannan a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne.

Amfanin da ban zata ba shi ne wanda ya shafi lafiyata. Kullum idan na dawo daga sallar asuba nakan tarar da shi a bakin zaure yana kaɗa wutsiya, kuma ba ya barina in koma shimfiɗa sai mun taka zuwa fadama mun dawo, tafiyar kusan minti 40. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, ni kuwa ina zarce haka ba tare da lissafi ba. A wannan hanyar na sake sabawa da masu lambun da muka yi shekaru ba mu wuce gaisuwar nesa ba, yanzu har mukan tsaya hira a bakin rijiya. A 2017 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun duba bayanan mutum miliyan 3.4, suka ga mutuwa ta ciwon zuciya ta fi ƙaranci a wurin masu kare, musamman waɗanda ke zaune su kaɗai.

Sai dai tsoron da ake yi wa kare yana da tushe, domin ciwon haukar kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. Saboda haka duk shekara nake kai karena asibitin dabbobi a yi masa allurar rigakafi. Idan kuma kare ya ciji wani a unguwarku, a wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a garzaya da wanda aka ciza asibiti a ranar, kada a tsaya shafa magani a gida.

Wassalam,
ɗan'uwanka mai kiwon awaki.