Zuwa ga mutumin Atlanta

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya sanyi? Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Tun bikin ƙanwarka ban ji ɗuriyarka ba, sai hotunan da kake ɗorawa a WhatsApp, tumbi sai ƙara yin gaba yake.

Ni dai dannau ya sako ni a gaba. Gab da asuba yake zuwa: ina jin ladan sarai, ina ganin labule, amma ko ɗan yatsa ba na iya ɗagawa, ga nauyi a ƙirji. Hajiya ta ce iska ne, ta aiko da rubutu da turare. Na sha, wa ya isa ya yi mata gardama? Amma likitan nan da muke sallah masallaci ɗaya ya zaunar da ni. Ya ce barci hawa-hawa ne. Kamar minti 90 bayan ya ɗauke ka ake shiga matakin mafarki, idanu na ta kai-komo a rufe, ƙwaƙwalwa na aiki tamkar a farke, gaɓoɓi kuwa an zare musu ƙarfi don kada mai mafarkin dambe ya naushi matarsa. Dannau shi ne hankalinka ya farka jikinka bai tashi ba tukuna. Wannan matakin ya fi tsawo a ƙarshen dare, shi ya sa nake gamuwa da shi da asuba. Wai tun 1953 wasu masana biyu, Aserinsky da Kleitman, suka gano matakin a Jami'ar Chicago, kuma jariri kusan rabin barcinsa a ciki yake yi.

Yana cewa sunan matakin REM sai na tuntsire da dariya, har ya tsargu. Kai na tuna, da tsohuwar rediyonka mai cin kaset, da mawaƙan R.E.M. da ka hana mu runtsawa da su a ɗakin makaranta. Ka san garinsu Athens yana nan jiharku ta Jojiya, tafiyar awa ɗaya da rabi daga inda kake? Na rantse ba ka taɓa leƙawa ba. A can su huɗu suka haɗu a 1980, suka yi shekaru suna yawon ƙananan wuraren wasa, gidajen rediyon ɗalibai na sa waƙoƙinsu, sai a farkon shekarun 1990 duniya ta san da su. Mai gangarsu, Bill Berry, shi ya fi burge ni. Jijiyar jini ta fashe masa a ka yana tsakiyar wasa a Lausanne ta ƙasar Switzerland a 1995, ya warke, a 1997 ya ce ya gaji, ya koma gona. Sauran ukun suka ci gaba har 2011, suka rabu lafiya lau, babu habaici babu tonon silili. Namu na nan da tuni an saki waƙar martani. A 2024 ma duka huɗun sun sake hawa dandamali tare a New York, kowa da furfurarsa.

Af, mai shayin bakin layinmu ya ƙara aure, ta uku, kuma har yanzu yana cigiyar kuɗin ƙwan da ya biyo ka. Na ce masa yanzu da dala za ka biya.

Likita dai ya hana ni kwanciya rigingine da raba dare a waya, ya ce in tsayar da lokacin kwanciya. Na farkon na iya. Ka gaida madam da yara, ka kuma faɗa mini ko da gaske za ku zo Babbar Sallah, don Hajiya ta dame ni da tambaya.

Naka,
Tsohon abokin ɗaki