Kama furotin gam bai mai da sinadari magani ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan maganar da ake ta yayatawa, wai yanzu kwamfuta ce ke ƙera magunguna. Tun da David Baker da Demis Hassabis da John Jumper suka samu lambar Nobel ta 2024 kan ƙera furotin da hasashen siffarsa, wasu ke ganin aiki ya ƙare. Ni da na sha zaman ɗakin gwaji na ce da sauran rina a kaba.

A 1894 masanin sinadarai Emil Fischer ya kwatanta yadda sinadari ke kama furotin da kwaɗo da makulli, kuma ta haka magunguna da yawa ke aiki a jiki. Furotin na da ɗan lungu, mu kuma mu ƙera sinadarin da zai shige ya zauna daram. Sai dai wannan kwaɗon motsi yake yi, yana buɗewa yana tsukewa, ga ruwa cike da lungun, sai makullin ya kore shi kafin ya samu wuri.

Na taɓa shafe wata uku ina haɗa wani sinadari da kwamfuta ta ba maki mai kyau. Don ya ƙara kamu, na yi ta liƙa masa sassa masu ƙin ruwa. Ranar gwaji na zuba shi, na girgiza, sai ga shi kwance a gindin kwalba kamar garin alli. Abin da bai narke ba, ta ina zai bi jini? Har dariya na yi wa kaina.

Ko maganin da ya yi nasara bai tsira ba. Imatinib, da Amurka ta amince da shi a 2001, yana kama furotin BCR-ABL mai haddasa wata sankarar jini, ya kuma ceci rayuka masu yawa. Amma a jikin wasu majinyata, tubali ɗaya tak na furotin ya sauya, a gurbi na 315, shi ke nan makulli ya daina shiga. Maganin ponatinib da ya zo a 2012 ya shiga, sai dai yana kama wasu furotin da ba a aike shi wurinsu ba, ga kuma haɗarin toshewar hanyoyin jini.

Roƙona ga wakilanku, duk sa'ad da aka kawo labarin "an gano magani", su tambaya: a kwamfuta ne, a kwalba ne, a jikin ɓera ne, ko an kai ga mutum?

Naka,
Wani mai binciken haɗa magunguna