Sayen faifai kaɗai ba ya ƙara wurin ajiya a gungun sabobi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka saboda wata magana da nake yawan ji daga bakin shugabannin ma'aikatu: wai idan wurin ajiya ya cika a saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, a sayo faifai a cusa, shi ke nan. Ni aikina kula da sabobi ne, kuma wannan shawarar ta taɓa hana ni barci.

Inda nake aiki muna da sabobi uku da aka haɗa gungu guda, da manhajar Proxmox mai tafiyar da su a kansu, ajiyar bayanai kuma tana hannun wata manhaja mai suna Ceph. A cikinsu ne ƙananan kwamfutocin manhaja, waɗanda ba na ƙarfe ba ne, manhaja ce ke kwaikwayonsu, suke zaune, ta albashi daban, ta wasiƙu daban. Kowace saba tana da wurin ajiya na terabait 20. Shugabana yana duba takarda ya ga 60, ni kuma 20 nake gani, domin Ceph yana ajiye kowane bayani sau uku, kwafi ɗaya a kowace saba, don idan guda ta mutu a ci gaba da aiki. Ko wannan 20 ɗin ba duka ne namu ba. Da faifai ya kai kashi 85 cikin ɗari Ceph zai fara gargaɗi, idan ya kai 95 ya daina karɓar rubutu, ƙananan kwamfutocin su sandare.

Ranar da gargaɗin ya bayyana, aka kawo mini faifai huɗu masu terabait 10 kowanne. Saba ɗaya ce kawai ke da ramukan da babu komai, sai na jera su duka a cikinta. Laifin nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Jimilla ta tashi zuwa 100 a takarda, amma wurin da za a iya amfani da shi bai motsa ba. Tunda dole kowane bayani ya sami kwafi a sauran biyun, ƙaramar saba ce ke yanke iyaka, babbar kuwa tana zaune da fili a banza. Ga shi na yi aikin da rana tsaka, gungun ya shiga kwashe bayanai zuwa sababbin faifan, komai ya koma tafiyar hawainiya, wayata ba ta huta ba har yamma. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago.

Wani abin ban haushi, faifan da aka rubuta 10 a jikinsa 9.1 kwamfuta ke nunawa. Ba ha'inci ba ne, masu ƙera shi da 1000 suke lissafi, ita kuma da 1024.

Da na zauna bincike sai na gane rabin ciwon namu ne. Mun yi ta raba wa ƙananan kwamfutoci wuri a baki, irin rabon da ba ya cin komai sai an fara rubutu, har alkawarin ya ninka abin da muke da shi. Na kuma tarar da hoton faifai, wato ajiyar yadda bayanan faifai suke a wani lokaci, da wani ya ɗauka kafin sabunta manhaja ya manta da shi fiye da shekara, yana ta riƙe tsofaffin bayanai. Goge shi kaɗai ya kashe gargaɗin.

Daga baya na fitar da faifan ɗaya bayan ɗaya cikin dare, na ba kowace saba guda, inda babu rami na maye gurbin ƙaramin faifai, na ajiye na huɗun don ranar da wani zai lalace. Ko a nan aiki bai ƙare ba, sai an shiga cikin kowace ƙaramar kwamfuta an faɗaɗa rabonta da tsarin fayilolinta. A yi hattara a nan, domin tsarin fayiloli na XFS yana karɓar ƙari amma ba a rage shi.

Roƙona ga masu sa hannu a takardar saye shi ne su tambayi ma'aikacinsu kwafi nawa ake ajiyewa, kuma idan saba ɗaya ta mutu yau ina bayananta za su koma. A gungu mai sabobi uku irin namu babu inda za su koma, shi ya sa a bana saba ta huɗu na nema.

Naka,
Wani mai kula da sabobi