Nisan Abuja da Jidda: A Sanar da Maniyyata Tun a Wajen Bita

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin Hukumar Aikin Hajji ta Ƙasa da hukumomin alhazai na jihohi kan wani darasi da ya dace a shigar cikin bitar maniyyata, wato nisan tafiyar da ke gabansu da tsawon zaman da za su yi a cikin jirgi.

Tsakanin Abuja da Jidda akwai kimanin kilomita 3,700 idan aka bi miƙaƙƙiyar hanya, Madina kuwa ta ɗan fi haka nisa. Jirgin fasinja yakan ci kilomita 850 zuwa 900 a awa guda, don haka idan aka haɗa da tashi da sauka, tafiyar takan ɗauki wajen awa biyar. Sai dai miƙaƙƙiyar hanyar ta sararin samaniyar Chadi da Sudan take bi, kuma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin ƙasar, jiragen alhazanmu na shekarar suka koma zagaye, har tafiyar ta ƙaru da kusan awa biyu. Dattijo mai ciwon suga ko hawan jini da aka ce wa tafiyar awa biyar ce, wataƙila ma ya jefa maganinsa cikin babbar jaka, ba ƙaramar wahala zai sha ba idan ta koma bakwai, ga kuma jiran da ya riga ya yi a sansanin alhazai da filin jirgin Nnamdi Azikiwe.

Abin da ya fi rikita mutanenmu shi ne bambancin agogo, domin Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Wanda ya tashi daga Abuja ƙarfe goma na dare, agogon hannunsa zai nuna uku lokacin da ya sauka, alhali a Jidda biyar ta yi, ana batun sallar Asuba. A nan ne ake rasa salla a kan lokacinta, a kuma sha magani ba bisa ƙa'ida ba.

Batun harami ma a kan wannan lissafi yake. Wanda aka fara saukewa a Madina yana da sarari, domin sai zai wuce Makka, tafiyar fiye da kilomita 400, sannan zai ɗaura harami a Zul-Hulaifa. Amma jirgin da ya nufi Jidda kai tsaye yana ratsa saitin miƙati, wato wurin da aka ƙayyade don ɗaura harami, tun yana sama, gab da sauka, kuma sanarwar da ma'aikatan jirgi suke yi da Larabci ko Turanci ba kowace tsohuwa daga karkara ce za ta fahimce ta ba. Hukuncin wannan na malamai ne, amma sanar da maniyyaci garin da zai sauka tun kafin ya bar gida nauyi ne na hukuma.

Saboda haka ina kira da a ba kowane maniyyaci takarda da Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da inda jirginsa zai sauka, awannin da ake sa ran zai yi, da ƙarfen saukarsa a agogon Saudiyya. A kuma tanadi mai jin Hausa a kowane jirgi wanda zai maimaita sanarwar miƙati da lokutan salla.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Kubwa, Abuja.