Sitabilaizar gaba a tsofaffin motocin gudu: kauri kaɗai ba ya gyara kwana

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu riƙe da tsofaffin motocin gudu masu kujera biyu, irin su MGB da Triumph Spitfire, da makanikan da ke taɓa su. Maganata a kan sitabilaizar gaba ce, sandar ƙarfen nan mai hannu biyu da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu. Abin da ke damuna shi ne, da zarar mota ta fara kwanciya a kwana, sai a nemo sanda mafi kauri a ɗaura, a ce an gama aiki. Sau da yawa motar ta fi haɗari bayan wannan gyara.

Idan tayoyin gaba suka hau tudu tare, sandar juyawa kawai take yi a cikin bushin, wato robar da ke riƙe ta a jikin mota. Sai ɗaya ta yi sama ɗaya ta yi ƙasa, kamar a kwana, take murɗewa ta riƙe jikin mota. Taurinta kuwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinta: idan kauri ya ninka 2, tauri ya ninka 16. Ɗauki sandunan da ake sa wa MGB. Mai inci 5/8 ta fi mai inci 9/16 tauri da kusan kashi 52 cikin 100, mai inci 3/4 kuma ta ninka mai 9/16 fiye da sau 3, alhali bambancin kaurinsu bai kai milimita 5 ba. A ido ba komai ba ne, a kan hanya kuwa wata mota ce daban. Gaban da ya yi tauri fiye da kima yana jibga nauyi a kan tayar waje, sai direba ya karya sitiyari motar ta ƙi bi, ta miƙe, musamman a kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Masu ƙera motocin sun san gaba da baya tare suke tafiya. A 1970, da Triumph ya fitar da Spitfire Mk IV, ya sake fasalin sifirin na baya ya kuma ƙara kaurin sandar gaba a lokaci guda. Wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ya ɓata lissafin. Ita ma MGB, da aka ɗaga ta saboda dokokin Amurka aka kuma cire mata sandar gaba a 1975, kwanciyarta ta ƙaru, har sai da aka sa mata sanda gaba da baya a 1977.

Kafin a taɓa sanda, a duba shokabzoba, da bushin na ƙafafu, da iskar taya. Shokabzobar MGB ta gaba mai hannu ce da ake zuba wa mai, idan ta tsiyaye babu sandar da za ta rufa mata asiri. Sannan a leƙa wurin da burakit, ƙarfen da ke riƙe sandar, ke kama shasi. Motar da ta haura shekara 40 ba ta rasa tsatsa a nan, kuma sanda mai kauri tana iya fizge notin da ke manne a ciki. In ƙarfen ya yi laushi, a yanke a walda sabo, a ƙara faranti mai kaurin milimita 3. Amma ita sandar kanta kada wuta ta taɓa ta. Ƙarfen sifirin ne, in an gasa ta don a lanƙwasa, ko an yi mata walda, a wurin za ta karye.

Wajen ɗaurawa, a ɗaga tayoyin gaba biyu tare, a jingina motar a kan ƙafafun ƙarfe, ba a kan jak ba. Ɗaga gefe ɗaya yana murɗe sandar, linkej, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa hannun sandar da ƙafar mota, ya ƙi shiga raminsa, daga nan a fara duka da guduma. Bushin ya zama daidai da kaurin sandar, tsagarsa ta zauna yadda maƙerinsa ya nuna. Na roba ba ya son giris na inji, kumbura yake yi ya ruɓe. Ruwan sabulu ya ishe shi. Na foliyuritan yana buƙatar giris ɗin silikon, in ba haka ba zai dame ka da ƙara. A auna hannuwan biyu daga shasi don sandar ta zauna a tsakiya, a sa zobban da ke hana ta zamewa gefe. Linkej na wasu motocin yana da na dama da na hagu, a lura. Duk notin a kama shi da hannu kawai tukuna.

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan tsaya a kai. Ba a ɗaure noti sai mota ta sauka a kan tayoyinta, a daben da ya daidaita. A tura ta gaba da baya, a danna gabanta sau biyu ko uku ta zauna. Bushin robar da aka ɗaure mota na rataye zai zauna a murɗe kullum, ba ya daɗewa zai tsage. Idan linkej mai daidaitawa ne, a zaunar da mutum mai nauyin direba a kujera, a ɗaure gefe ɗaya, sannan a murza ɗaya gefen har kusar ta shige raminta da yatsa, ba tare da an danna sandar ba. In sai da aka sa ƙarfi ta shiga, sandar ta riga ta ɗauki nauyi, kuma motar za ta shiga kwanar dama da wani hali, ta hagu da wani. Hannun sandar ya kwanta kusan daidai da ƙasa, linkej ya tsaya kusan a tsaye. Robar linkej a matse ta har ta ɗan kumbura daidai da bakin washa, a tsaya nan.

Daga nan a karya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, a ga ko taya, tayarod ko tiyon birki na gogar sanda. A sake ɗaga motar ƙafafu su rataye gaba ɗaya: in linkej ya yi gajarta har ya miƙe layi ɗaya da hannun sandar, yana iya kifewa ta baya a kan wani babban rami.

Sandar da ke da ramuka a hannu, ramin da ya fi kusa da jikin sandar shi ne mafi tauri, na can ƙarshe mafi laushi. A fara da mai laushi. A gwada a fili marar zirga-zirga, da gudu ɗaya a kwana ɗaya. In gaba na miƙewa, ko tayar ciki na ɗagawa, a sassauta. In baya ne ke zamewa, a matsa rami ɗaya zuwa wajen jikin sandar. Canji ɗaya a kowane gwaji, a rubuta shi. Bayan tafiyar kilomita 100 a sake bin notin da sifana, domin sabon bushin yana kwantawa.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani makanike mai bibiyar jaridarku