Edita, kada ku fasa yin bayani kan giyar Japan don surutun mutane

Assalamu alaikum Edita, barkanku da aiki.

Na ga ɗan labarin da kuka kawo kan giyar shinkafar nan ta Japan da ake ce wa sake, wadda UNESCO ta saka hanyar haɗa ta cikin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, kuma na ga yadda wasu 'yan uwa suka yi muku caa wai me ya haɗa jaridar Hausa da zancen barasa. To ni dai ina bayanku, ƙorafina ma shi ne labarin ya yi kaɗan. Ni musulmi ne, ban sha kuma in sha Allahu ba zan sha ba, amma karatu ya kawo ni ƙasar nan, kuma wallahi duk wanda bai san abin nan ba sai ya ci shi a abinci ko ya karɓe shi a matsayin tsaraba yana ta godiya bai san me ya riƙo ba.

Kwalbar ba ta kama da ta giyar da muka saba gani a fim. Rubutu ne na hannu mai kyau a jikin farar takarda, a saka ta cikin akwati na katako ko a naɗe da ƙyalle, sunan kuma sau da yawa na dutse ne ko tsuntsu ko gari. Hakkaisan sunan wani tsauni ne a Niigata. Hakutsuru kuwa hoton farin tsuntsu ne a kai. Ka ga wanda ya sauka jiya ai zai ɗauka shayi ne ko wani maganin gargajiya, alhali ƙarfin barasar ciki ya kai kashi 15 zuwa 16 cikin ɗari, ya fi na giyar kwalba ninkin ba ninkin.

Manyan abubuwan da ke ciki huɗu ne, shinkafa da ruwa da yis da wata fumfuna da suke kira koji. Masu burukutu a wajenmu tsirar da dawa suke yi kafin zaƙinta ya fito, su kuma nan shinkafar an riga an goge ta ba za ta tsira ba, sai su turara ta su barbaɗa mata koji ita ce ke mai da ƙullun ya zama sukari, yis kuma ya mai da sukarin barasa, duka a tukunya ɗaya a lokaci ɗaya. Yawanci da hunturu ake yi. In ka ga wata ƙwallo babba ta ganyen itacen sugi a rataye a ƙofar wani gida, koriya shar, to sabuwar giya ta fito ke nan, in ta koma ruwan ƙasa ta kwana biyu. Wannan alamar kaɗai ta ishe ka ka san ƙofar da ba taka ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda kowane yanki ke da nasa ɗanɗanon, kuma in ka bi diddigi yawanci ruwa ne. Nan kusa da inda nake akwai Nada, tsakanin Kobe da Nishinomiya a jihar Hyogo, ita ce uwa a harkar. Wajen 1840 aka gane cewa ruwan wasu rijiyoyi na Nishinomiya, wanda suke kira Miyamizu, yana da ma'adanai da ke sa yis ya yi aiki da ƙarfi, shi ya sa tasu ke fitowa da kaifi ba zaƙi sosai, har suke mata kirari da giyar maza. Cikin gidajen giyarsu, Kiku-Masamune tun 1659 take, Ozeki 1711, Hakutsuru 1743. Girgizar ƙasar Kobe ta 1995 ta rushe tsofaffin gidajensu na katako da yawa amma suka sake ginawa. Sai Fushimi a Kyoto, gidan Gekkeikan da aka kafa a 1637, ruwansu ya fi laushi, masu sha suka ce tasu tana da santsi da ɗan zaƙi, ita kuma aka ce ta mata ce. Tsakanin garuruwan biyu tafiyar jirgin ƙasa ce da ba ta taka kara ta karya ba, amma wai ɗan Nada na kurɓa zai ce maka wannan ba tamu ba ce.

Hiroshima kuwa labarinsu ya fi burge ni don akwai naci a ciki. Ruwansu ya yi laushi da yawa, giyar lalacewa take yi kafin ta nuna, har sai da wani mutum mai suna Miura Senzaburo a ƙarshen ƙarni na 19 ya zauna ya gano dabarar a ba koji lokaci ya kama sosai sannan a bar tukunyar cikin sanyi ta nuna a hankali. Garin Saijo ya yi suna da wannan, can ne giyar Kamotsuru take, wadda firaministan Japan na lokacin Shinzo Abe ya zuba wa Obama a Tokyo a 2014. Kuma a yankin ne wani mai suna Satake ya ƙera injin casar shinkafa mai aiki da ƙarfin inji na farko a Japan a 1896, don masu giya ya yi shi tun farko, yau kuma kamfanin Satake na sayar da injinan gyaran shinkafar ci a duniya. Ni da nake karatun noma wannan ya tsaya min a rai.

Niigata dusar ƙanƙara ce ta yi musu gata. Sun fi kowace jiha yawan gidajen haɗa sake, tasu kuma an san ta da rashin nauyi, ba zaƙi, ba ta daɗewa a harshe, Kubota da Koshi no Kanbai da Hakkaisan duk nasu ne. Yamagata ƙamshi suka riƙe, ana cewa irin na tuffa ko kankana, Juyondai da Dewazakura ne 'yan gaba, kuma a 2016 gwamnati ta yi wa sunan jihar rajista ta yadda ba mai liƙa Yamagata a kwalba sai in can aka yi. Mutanen Kochi an san su da sha da son mara zaƙi, wannan ba sai na ja ba.

Shinkafar ma ba irin ta tuwo ba ce. Akwai iri na musamman, wanda ya fi suna shi ne Yamada Nishiki na Hyogo da aka raɗa wa suna a 1936, dogon kara, ƙwaya ƙatuwa mai farin ciki a tsakiya, ga saurin kwanciya in iska ta taso. Sai su yi ta goge ƙwayar suna zubar da bayanta. In abin da ya rage bai wuce kashi 60 ba sunanta ginjo, in bai wuce 50 ba daiginjo. Dassai ta jihar Yamaguchi tana da wadda kashi 23 kacal ake bari. Na ga irin wannan ƙwayar a gidan tarihi, 'yan mitsi-mitsi ne farare zagayayyu. Gaskiya raina bai so ba, kashi 77 na shinkafa a mai da shi gari don abin maye, duk da dai garin ba zubarwa suke ba, ana yin biskit da abincin dabbobi da shi. Kuma a ƙasar da a 2025 kilo 5 na shinkafar ci ya haura yen 4,000 mutane na ta kuka.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Kwalba ai da sauƙi, ka ce na gode ba na sha, kuma Japanawa ba sa takurawa in ka faɗa musu addini ne. Matsalar tana kicin. Suna zuba sake a girki kamar ba komai ba, a kifi, a romo, a miyar nama. Akwai mirin, wani ruwa mai zaƙi da ake sa wa a gashin nama ko kifi da suke kira teriyaki da su miyar taliya, na asalin barasarsa ta kai wajen kashi 14. Akwai amazake da ake sayarwa da zafi lokacin sanyi, kala biyu ne, na koji zalla babu barasa, na dusar giya kuwa akwai saura a ciki, kuma a kofi ba ka bambance su sai ka tambaya. Akwai narazuke, kayan lambu da aka jiƙa a dusar giyar. Har KitKat an yi mai ɗanɗanon sake a 2016 da kashi 0.8 na barasa, kuma irin su ne ake jibgewa a shagunan filin jirgi, mutum ya saya wa yara tsaraba don kwalin ya yi kyau. Harafin da za ka nema a bayan kwali shi ne 酒, ka ɗauki hotonsa ka ajiye a waya.

Hukuncin abin da aka dafa barasarsa ta tashi, wannan na malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Amma malam ma ai sai an faɗa masa mene ne mirin kafin ya ba da fatawa, ko ba haka ba? Yaranmu na zuwa nan karatu da tallafin gwamnatin Japan da na hukumarta ta taimaka wa ƙasashen waje wato JICA, 'yan kasuwa na zuwa sayen motoci da kayan gyara, ga gidajen abincin Japan a Dubai da Legas da Abuja. Don Allah Edita ku ware shafi guda ku jero irin waɗannan kayan haɗin da hotunan kwalayensu, ku haɗa da wuraren da ke da shaidar halal a Tokyo da Osaka da Kobe, in ma hotuna ne matsalar mu da ke nan za mu ɗauko mu turo muku.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Wani ɗalibi mai karanta ku daga Kobe, Japan