Ƙwayar da ke Kashe Mazan Ƙwari Ba Maganin Ƙwari Ba Ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in gyara wata fahimta da nake yawan ji tun da aka fara sakin sauro mai ɗauke da bakteriyar Wolbachia, wato wai an samu ƙwayar da za ta kashe mazan ƙwari har zuriyarsu ta ƙare.

Gaskiya ne akwai bakteriya, irin su Wolbachia da Spiroplasma, da ke kashe mazan wasu ƙwari. Dalilin kuwa shi ne ta cikin ƙwan uwa kaɗai suke wucewa zuwa ga 'ya'ya, maniyyin uba ba ya ɗaukarsu, saboda haka ɗa namiji kabari ne gare su. Sai su kashe shi tun yana cikin ƙwai. A wajen wata 'yar buzuzu ja mai ɗigo biyu baƙaƙe, matan da suka ƙyanƙyashe sukan juya su cinye ƙwayayen 'yan'uwansu mazan da suka mutu, su samu ƙoshin da 'ya'yan uwa mai lafiya ba su samu ba, kuma su ne masu kai bakteriyar gaba. A Yuganda, inda Wolbachia ta kama malam-buɗe-littafin da ake kira Acraea encedon, maza sun yi ƙaranci har matan ne ke cincirindo a kan tuddai suna jiran namiji, abin da ya saba wa al'adar yawancin ƙwari.

Sai dai masu dogon buri su dubi abin da ya faru a tsibiran Samowa da ke tekun Fasifik. A 2001 an tarar mazan wani malam-buɗe-littafi, Hypolimnas bolina, ba su wuce ɗaya cikin ɗari ba saboda Wolbachia tana kashe su, amma zuwa 2006 maza da mata sun koma kusan kunnen doki, domin wani sauyin halitta mai kare maza ya bazu cikin zuriya kusan goma kacal, alhali bakteriyar tana nan a jikinsu.

Wolbachiar da aka sa wa sauron zazzaɓin dengue kuma ba ta kashe maza ko kaɗan. Hana ƙwayar cutar hayayyafa a jikin sauron take yi, kuma da haka ta rage cutar da kashi 77 cikin ɗari a gwajin birnin Yogyakarta na Indunusiya. Ina fatan marubutanku za su riƙa bambanta waɗannan biyun.

Naku,
Mai karatu a kullum